Ƙoda Uku a Gindin Mangwaro

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Alhaji mai gidan nan na kan kwana a Nassarawa GRA ya samu muƙamin siyasa, ya kwashe iyalinsa ya koma Abuja, ya bar gida a hannun ma'aikata. Mutum uku ya bari: Bappa mai gadi, da Shu'aibu mai kula da fulawa, sai Ladi mai girki, wadda yanzu ba ta da wanda za ta girka wa sai kanta da 'yarta. Don kada zama ya yi mata yawa, sai ta kama sana'ar zoɓo, tana ƙullawa a leda tana sayar wa direbobi da masu gadin layin.

Mijin Ladi, Malam Habibu direba, bai ga wannan ƙaura ba. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi tun farkon damina. Ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ɗauke, aka kai shi asibiti, bai dawo da ƙafarsa ba. Ladi ta yi takaba ta fita. Abin da ya rage mata a duniya Hafsatu ce, wadda ke makarantar koyon aikin jinya.

Hafsatu tana da kai, baki ne ba ta da shi. A makarantarsu akwai jarrabawar baka, inda malamai za su jeru a bayan tebur, ɗaliba ta tsaya a gabansu ta yi bayani. Duk darussan ta wuce lafiya, amma da aka zo kan ƙoda da mafitsara sai ta tsaya kamar an dasa ta. Aka sake ba ta dama, ta sake tsayawa. Shugabar makarantar ta ce saura dama ɗaya tak, in ta kuma yin shiru ta tattara littattafanta ta koma gida. Ladi ta san ba rashin sani ba ne. Yarinyar ce ta riƙa auna fitsarin ubanta a kwalba har ranar da babu abin aunawa.

Shu'aibu ya ji labari, domin babu abin da ba ya ji. Shi wannan Shu'aibu ya taɓa yin aikin tura gadon marasa lafiya a wani asibiti. Wata rana an ɗauke wuta ana tsakiyar ɗinke wa wani ƙafa, likita ya ce ya riƙe masa tocila. Labarin ya yi ta girma a bakinsa shekara da shekaru, har ya zama shi ya yi tiyatar, likitan ne ya riƙe tocila. Tun daga nan ba ya amsa kira sai an ce Dakta.

Ya samu Ladi tana wanke bokiti, ya ce, "Ladi, ki bar mini yarinyar nan. Abin da ke damun 'yan makarantar zamani, a takarda suke ganin ƙoda. Ni kuwa da hannuna na riƙe ta."

"Ta rago ko ta mutum?"

"Ƙoda ai ƙoda ce. Zan gina mata mutum sukutum, mai aiki, ta gani da idonta. Wallahi in na gama, malaman nata ma sai sun zo ɗaukar darasi."

Ladi ta ci gaba da wanke bokitinta. Shi kuwa ya ɗauka an ba shi kwangila.

Ya samo jarkoki uku ya cusa musu yashi da gawayi da tsumma, ya rataye su a reshen mangwaron da ke jikin katanga. Ya yanyanka tiyon ban ruwan Alhaji gunduwa-gunduwa. Ya tafi har Kaura Goje wurin wani mai faci, ya dawo da tub ɗin tayar tirela a wuya, wai mafitsara ke nan. A ƙasanta ya ɗaura kan famfon da ya kwance daga banɗakin baƙi. Can sama kuma ya kafa mazurarin zuba kananzir, ya ce shi ne baki.

Da Hafsatu ta dawo daga makaranta ya jawo ta gindin bishiyar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Baba Shu'aibu, ƙoda biyu ce."

"Biyu ke aiki. Ta ukun safaya ce. Littafinku bai kai nan ba tukuna."

"Ba a yi mutum da safaya ba."

"Mota ma da ɗan Adam ya ƙera an sa mata safaya, balle mutum?"

Ladi tana gefe tana tsince zoɓo a tire. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Da akwai safaya da an sa wa Malam."

Shu'aibu ya yi gyaran murya, ya ce to, wasu da tasu ake haihuwarsu, wasu kuma kamfani bai sa musu ba. Bai dai sauke jarkar ba.

Hafsatu ta nuna tiyon da ya taso daga mazurari ya zarce cikin jarka kai tsaye, ta ce ruwan da mutum ya sha ba ya gangarawa ƙoda haka nan, sai ya shiga jini tukuna, jinin ne ƙoda ke tacewa.

"Au, jini kike so?" in ji Shu'aibu. "Za a kawo jini."

Washegari Ladi ta fita sayen ƙanƙara. Kafin ta dawo, babban bokitin zoɓon da ta haɗa, wanda ya sha sukari da citta da kanumfari, ya bar kicin ya hau tsani. Ta tarar da Shu'aibu a saman bishiya yana tuttula shi cikin mazurari da bisimilla. A ƙasa ga Hafsatu, ga ƙawarta Jacinta 'yar Badawa, wadda suke aji ɗaya, yarinya ce da bakinta ba ya jiran izini.

"Cinikin yau ke nan ka zuba wa bishiya," in ji Ladi.

"Ba a yi asara ba. In ya fito ta ƙasa sai ki ƙulla abinki, ya ma ƙara tsabta."

"Wa zai sayi abin da ya fito daga mafitsara?"

Shu'aibu ya sauko, ya goge hannu, ya ce kowa ya lura: ja ya shiga, ruwan ɗorawa zai fito, wannan shi ne ikon Allah da ilimin likita. Ya murɗa famfo. Famfo ya yi tari, ya yi atishawa, ya zubo da abu ja wur.

Jacinta ta leƙa kwanon, ta ce, "Dakta, majinyacinka yana fitsarin jini."

"Ƙodar sabuwa ce, ba ta gama sakin jiki ba."

"Ka tambaye shi ko yana wanka a kududdufi. Wannan tsargiya ce."

Da yamma ya sayo gangamau ya ɗura a jarkokin don ya gyara launi. Abin da ya fito ba ja ba ne, ba rawaya ba ne, ya fi kama da ruwan kwatar unguwar Gama bayan an ɗauke ruwan sama. Jacinta ta ce yanzu kam har hanta ta taɓu. Da gari ya waye kuma aka ga kiyashi sun yi layi tun daga gindin katanga har bakin famfo. Jacinta ta tsuguna ta dube su, ta miƙe ta ce, "Ciwon suga. Dakta, wannan bawan Allah me ya yi maka?"

Bappa mai gadi ne ya fara. Ya zo wucewa da butarsa, ya tsaya, ya dubi jarkokin, ya ce cikin ladabi, "Dakta, ya mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji Shu'aibu, kafin ya gane abin da ya amsa.

Shi ke nan, magana ta zaga layi. Masu gadi da kuku-kuku da direbobin maƙwabta suka fara shigowa dubiya, safe da yamma. Su yi sallama, su tsaya gaban bishiya hannu a baya, su ce Allah ya sa kaffara ne, su fita. Wani direba har lemo ya kawo a leda ya ajiye a gindin mangwaron. Shu'aibu ya shanye lemon, ya ce jahilci ne ke damun unguwar.

Sai kuma famfo ya ƙi rufuwa. Ya riƙa ɗiga dare da rana, ruwan ya bi ta ƙarƙashin katanga ya kwanta a ƙofar Malam Cornelius, tsohon malamin makaranta mutumin wajen Zariya, da ke zaune a gidan baya. Malam Cornelius ya shigo riƙe da takalminsa a hannu.

"Dakta, ina ganin mutumin naka ba ya riƙe fitsari. Ko za a sa masa napkin?"

Ran Shu'aibu ya ɓaci. Ya fere katako ya buga a bakin famfo, ya naɗe da robar faci. Ya hau sama ya cire mazurari ya toshe tiyon, saboda ƙudan zuma sun fara zarya. Ya bi duk mahaɗa ya ɗaure tamau. Ya sauko yana haki ya ce, "To, mu ga ta inda zai fita."

Jacinta ta buɗe baki za ta ce fitsari ya ɗauke, sai ta dubi Hafsatu ta haɗiye maganar. Hafsatu ta shige ɗaki. Ladi ta bi ta da ido, ta koma kan tukunyarta.

Lokacin zafi ne, irin zafin Kano da kwalta ke laushi. Zoɓo mai sukari a cikin baƙar roba a toshe, rana na dukansa tun safe har la'asar, ba ya zama zoɓo. Mafitsara ta fara tashi. Tun tana kamar matashin kai, ta koma kamar buhun gero, ta koma kamar saniya ta ci rogo. In ka kasa kunne sai ka ji tana ƙugi. Wani wari mai tsami ya riƙa tsiyayowa ta mahaɗar tiyo yana tsallake katanga.

Malam Cornelius ya leƙo, ya shaƙa, ya lumshe ido. "Warin nan na san shi tun ina saurayi a ƙauyenmu," in ji shi. "Amma a wannan zamanin da muke ciki, ban san shi ba, ban taɓa jinsa ba." Ya koma gida ya rufe taga.

Shu'aibu kuwa cewa ya yi lafiya ce ta samu, mafitsarar da ba ta cika ai ba mafitsara ba ce. Ya sanar da cewa ana jajibirin jarrabawar Hafsatu zai yi babbar lacca, kowa ya zo. Ya aro farar rigar wani mai sayar da magani, ya jera bencina, ya samo sanda mai ƙusa a baki, irin wadda yake tsince busassun ganye da ita, don nuni.

Ranar, bayan azahar, bencina suka cika da 'yan dubiya. Ya ɗaga sanda ke nan zai fara, sai ga wata bas ta tsaya a ƙofa. Samarin sa-kai ne da ke zagaya unguwanni a lokacin suna neman masu sayar da giya a ɓoye. Hancinsu ne ya kawo su. Shugabansu, Malam Ja'afaru, dogo ne mai natsuwa, sanye da farar shadda da ta fito daga guga ranar. Ya yi sallama, ya dubi jarkoki, ya dubi tiyo, ya dubi kumburarriyar roba.

"Wane ne mai wannan?"

"Ni ne, Dakta Shu'aibu. A ba su wuri su zauna."

"Me ake dafawa?"

"Ba dafawa ake ba, tacewa ake."

"Tacewa," in ji Malam Ja'afaru, ya dubi yaransa. "Su waɗannan mutanen fa?"

"Kullum suna nan, safe da yamma. Wasu sai na kore su."

Bencina suka fara raguwa ta baya. Wani daga cikin samarin ya kai hanci jikin tiyo, ya ja da baya yana a'uziyya. Malam Ja'afaru ya ce, cikin sanyin murya, duk wanda ke da wannan ruwa zai bi su ya yi bayani a gaba. Nan take Shu'aibu ya gane inda maganar ta dosa. Ya tuɓe farar riga ya ninke ta ya ɗora a benci.

"Malam, ni fa mai ban ruwan fulawa ne. Jarkokin nawa ne, ban musa ba. Amma ruwan da ke ciki na Ladi ne, ita ta haɗa shi da hannunta."

Duk aka juya ga Ladi. Ta dubi Shu'aibu sau ɗaya, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta, ta fito tana gyara shi, ta ce, "Mu je. Ke Hafsatu, in tuwon ya yi ki sauke."

"Ba inda za ta."

Ladi ta waiwaya don ta ga wa ya yi magana, domin ba ta taɓa jin wannan muryar da ƙarfi haka ba. Hafsatu ce. Ta fito tsakiyar fili, ta tsaya gaban bishiya.

"Malam, wannan ba wurin yin giya ba ne. Mutum ne aka so a gina, aka gina shi ba daidai ba. Waɗannan jarkokin ƙoda ne. Biyu ya kamata su zama, wannan ta ukun ƙarya ce. Kuma ba a gaba suke ba, a baya suke, gefe da gefen ƙashin baya, ƙarƙashin haƙarƙari, kowacce kamar dunƙulen hannu, ta dama ta ɗan fi sauka saboda hanta ta danne ta. Jini ke shiga cikinsu ta babbar jijiya. A cikin kowacce akwai 'yan matatai ƙanana wajen miliyan, ba yashi da tsumma ba. Su tace jini, su mayar wa jiki mafi yawan ruwan da gishirin da yake bukata da sukarinsa gaba ɗaya, su ware dattin da ragowar ruwa. Wannan shi ne fitsari. Shi ya sa in aka ga jini ko sukari a ciki, to akwai matsala."

"Kamar yadda aka gani a nan," in ji Jacinta.

"Daga kowace ƙoda siririn bututu ɗaya ke sauka zuwa mafitsara. Ba zuba yake yi kamar tiyo ba, matsawa yake yana turawa, kuma a karkace yake shiga don kada fitsari ya koma sama. Mafitsara tsoka ce, a mara take, tana buɗewa tana tarawa. In ta cika ta aika wa ƙwaƙwalwa. A bakinta akwai tsokar da ke ɗaure hanya har sai mutum ya ga dama. Daga nan bututu ɗaya ne zuwa waje, gajere ga mace, dogo ga namiji. Ƙoda kuma ba tacewa kaɗai take yi ba, tana daidaita hawan jini, tana taimakawa wajen yin jinin kansa. In ta tsaya, ruwa ya taru, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya." Ladi ta riƙe bakin mayafinta. Hafsatu ta ci gaba. "Zoɓon Innata ne ya ɗauka ba da izininta ba, ya zuba a matsayin jini, ya toshe sama ya toshe ƙasa, rana ta lalata shi. Ko cokali ɗaya ba wanda ya sha."

Roba ta ci gaba da ƙugi. Malam Ja'afaru ya matso kusa, ya rage murya.

"Malama, akwai wani ɗan'uwana, dattijo ne. In ya tsuguna sai ya daɗe, yana fita kaɗan-kaɗan, ga yawan tashi da dare."

"Ka ce wa ɗan'uwan naka ya je asibiti a duba shi, kada ya jira ya toshe gaba ɗaya. In ya toshe, roba ake sawa a buɗe hanya a hankali, cikin gaggawa. Wannan ma da ke bayanka haka take bukata, yanzun nan. Ka ɗan matsa."

Shu'aibu ya ga iska ta juya. Ya ɗauki farar riga ya mayar, ya ɗauki sandarsa, ya ratso tsakanin mutane.

"Ɗalibata ce," in ji shi. "Duk ni na koya mata, illa dai ta yi kuskure a ƙarshe. Mafitsarar da na haɗa da hannuna ba ta bukatar gaggawa. Malam, matso ka ga inganci. Tayar tirela ce fa. Dubi nan."

Ya nuna da sandar, ta wajen ƙusar.

An ji ƙarar har bakin titi. Tsuntsayen da ke kan mangwaro suka watse, jarkar safaya ta tsinke ta sauko a kan Dakta. Da hayaniya ta lafa, babu farar riga ko ɗaya a gidan. Malam Ja'afaru yana tsaye inda yake, shaddarsa ta koma launin da ba shi da suna, ɓawon citta a gemunsa.

Bappa ya cire hula, ya dubi tsumman robar da ke lilo a reshe, ya ce, "Allahu akbar. Ya dai sha jinya."

Malam Ja'afaru ya ɗaga hannun rigarsa ya duba. La'asar ta kusa. Ya ce, "Malama, tsakaninki da Allah, wannan da ke jikina fitsari ne, ko giya ce, ko zoɓo?"

"Duk ukun ne, Malam," in ji Jacinta. "Ya danganta da wanda ka tambaya."

Ya ce a kowane hali dai wanka ya kama shi. Ya yanke cewa Ladi ta ajiye mayafinta, a kwance jarkoki a zubar a kwata, Shu'aibu kuma ya wanke kayan duk wanda abin ya shafa, ya goge, ya kai masa har gida. Aka ba shi da samarinsa aron zannuwan gadon baƙi suka yafa, suka shiga bas ba mai kallon wani.

Washegari Hafsatu ta dawo daga makaranta wajen azahar. Ladi tana bakin murhu, Shu'aibu yana gindin famfo da tulin riguna a gabansa, goshinsa a kumbure.

"Yaya?" in ji Ladi, ba ta juyo ba.

"Na ci, Inna. Sai da suka ce ya isa haka."

Ladi ta ce alhamdu lillahi. Ta ci gaba da tuƙa tuwon da ya riga ya tuƙu, ta daɗe tana tuƙawa, tana cewa hayaƙin itacen nan ya cika shiga ido.

"Ban faɗa ba?" in ji Shu'aibu daga cikin kumfa. "Na ce a bar mini ita. Kun zaci fashewar nan kuskure ce? Tana cikin darasi. Ke Hafsatu, wane babi za ku shiga yanzu?"

"Haihuwa."

Shu'aibu ya saki rigar da ke hannunsa. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi babban tankin ruwan da ke saman gidan, ya daɗe yana auna shi da ido.

Ladi ta ajiye muciya, ta je ta kwantar da tsani, ta ja shi har cikin ɗakinta, ta sa kwaɗo.